Lissafin Zafi da Gudu a Ruwan Nano: Abin da Alƙalami Ya Ce da Abin da Awo Ya Nuna



Duk wanda ya taɓa yin doguwar tafiya a mota da bazara ya san abin da ake nufi idan direba ya ratse gefen hanya ya ce lagireto ya tafasa. Inji yana ƙona mai, amma abin da yake juyawa ya zama tafiya bai kai rabin ƙarfin man ba. Saura duk zafi ne, wani ya fice ta salansa, wani kuwa sai ruwa ya kwashe shi, in ba haka ba injin ya buga. Haka abin yake ga taransfoma, da tashar lantarki, da ƙwaƙwalwar kwamfuta. Kowannensu iyakar aikinsa ita ce iyakar zafin da za a iya janye masa.

A shekarar 1995 wasu masana biyu, Stephen Choi da Jeffrey Eastman, na ɗakin bincike na Argonne kusa da birnin Shikago a Amurka, suka kawo shawarar a riƙa zuba wasu ƙwayoyi masu matuƙar ƙanƙanta a cikin ruwan sanyaya inji domin ya ƙara jan zafi. Makasudin wannan lacca shi ne mu ga yadda masana lissafi suka tunkari wannan shawara, da inda lissafinsu ya yi daidai, da kuma inda awo ya tilasta musu sake lale. Ba zan rubuta muku jimlolin lissafi a allo ba, amma alƙaluma kam sai kun yi haƙuri da su.

Miƙo da dako

In muka ajiye zafin da ke zuwa ta hanyar haske, kamar na rana, zafi yana tafiya ne ta hanya biyu. Ta farko zan kira ta miƙo. Ku dubi magina idan sun yi layi suna miƙa wa juna tubali: kowa yana tsaye a inda yake, tubalin ne ke tafiya. Haka zafi yake bin cokalin ƙarfe daga cikin shayi har ya iso yatsa. Ta biyu kuwa dako ce, watau abin da ya ɗauki zafin shi kansa ya tashi da shi zuwa wani wuri, kamar yadda ruwa yake ɗebo zafi daga inji ya kai shi lagireto.

Ruwa ɗan dako ne na ƙwarai. Kilo guda na ruwa sai ya haɗiye kimanin jul 4,200 na zafi kafin ɗuminsa ya ƙaru da digiri ɗaya, alhali kuwa jan ƙarfe jul 385 ya ishe shi. Amma wajen miƙo ruwa nawa gare shi. A ma'aunin da masana suke amfani da shi, ƙarfin miƙon ruwa 0.6 ne. Gilaikol, sinadarin nan da ake gauraya wa ruwan lagireto a ƙasashen sanyi don kada ya daskare, nasa kimanin 0.25 ne, man inji kuwa wajen 0.15. Alumina, watau farin garin da ake samu daga haɗuwar alminiyum da iskar shaƙa, tana tsakanin 30 da 40. Jan ƙarfe yana da 400, ya ninka ruwa fiye da sau 600 ke nan.

Wani zai ce, to ina ruwanmu da miƙo tun da dako muke so? Amsar tana cikin wata lacca da Bajamushen nan Ludwig Prandtl ya gabatar a Haidalbag a 1904. Ruwan da ke gudu cikin bututu ba gudu ɗaya yake yi ba. Na tsakiya yana sauri, wanda ya taɓa jikin bututun kuwa a tsaye yake cik, kuma tsakaninsu akwai wata siririyar shimfiɗa inda gudun yake tashi daga babu zuwa cikakke. Dole zafin da ya fito daga ƙarfe ya ratsa wannan shimfiɗa ta hanyar miƙo kafin ya iske ruwan da zai yi dakonsa. Nan ne maƙogwaron al'amarin. In an ƙara wa ruwa ƙarfin miƙo, an buɗa maƙogwaron.

Dabarar zuba garin ƙarfe a ruwa tsohuwa ce, kuma abin da ya kashe ta sananne ne ga duk wanda ya taɓa ajiye ruwan rafi a tulu: garin yakan kwanta, ya toshe hanya, ya kuma cinye famfo. George Stokes ya ba da ƙa'idar wannan kwanciya a 1851. Idan aka rage faɗin ƙwaya sau goma, saurin nutsewarta yakan ragu sau ɗari. Ƙwayar alumina mai faɗin kashi ɗaya cikin dubu na milimita takan nutse kimanin santimita 14 a kwana guda. A rage ta sau ɗari, ta koma nanomita 10, sai ta shekara ba ta wuce milimita 5 ba. Nanomita kuwa ita ce kashi ɗaya idan aka raba mita gida miliyan dubu. Kaurin silin gashin mutum yana tsakanin nanomita 50,000 da 100,000. Irin waɗannan ƙwayoyi, da ba su wuce nanomita 100 ba, su ne Choi ya ce a zuba. Na so in kira wannan gauraye farau-farau, domin kamarsu ɗaya, ɗan gari cikin ruwa mai yawa, amma na ji tsoron kada wani ya sha. Saboda haka zan ce ruwan nano, ko da kuwa mai ne ko gilaikol aka yi shi da shi.

Kwatancen lissafi

Kwatancen lissafi kamar taswira yake. Taswirar da ta nuna kowane dutse da kowace ciyawa ba ta da amfani, domin girmanta zai kai girman ƙasar. Gwanintar mai zana ta ita ce sanin abin da zai bari. A mililita guda ta ruwan nano mai ɗauke da kashi 1 cikin 100 na ƙwayoyi masu nanomita 10, yawan ƙwayoyin ya haura miliyan sau miliyan sau dubu goma. Babu kwamfutar da za ta bi sawun kowace ɗaya. Tilas a bar wani abu.

Abin da ba a bari shi ne ƙa'idoji huɗu, kuma dukkansu maganar ajiya ce, watau abin da ya shiga da abin da ya fita sai sun daidaita. Ruwan da ya shiga bututu shi ne zai fita. Gudun ruwa ba ya sakewa sai da turi ko da gogayya. Wannan ita ce ƙa'idar da Navier ya rubuta a Faransa a 1822, Stokes ya kammala ta a Ingila a 1845. Zafi ba ya ɓacewa, kuma yana gangarawa ne daga wuri mai zafi zuwa mai sanyi gwargwadon tazarar da ke tsakaninsu, kamar yadda Joseph Fourier ya bayyana a littafinsa na 1822. Ta huɗu ita ce su ma ƙwayoyin ba sa ƙaruwa ba sa raguwa, sai dai su sake wuri.

Hanya mafi sauƙi ita ce a manta da ta huɗun, a ɗauka gaurayen ya zama wani sabon ruwa guda, mai nasa nauyi, da nasa kauri, da nasa ƙarfin miƙo. Nauyi ba shi da wuya, lissafin kasuwa ne. Ƙarfin miƙo da kauri su ne aikin, kuma abin sha'awa, manyan mutane biyu sun riga sun yi shi tun ba a san da ruwan nano ba.

Na farko James Clerk Maxwell, mutumin Sikotilan. A littafinsa na 1873 a kan lantarki da maganaɗisu ya lissafa yadda lantarki yake ratsa abin da aka barbaɗa wa ƙananan dunƙulalliyar ƙwayoyi, kuma da yake zafi da lantarki tafiyarsu iri ɗaya ce a lissafi, amsarsa ta zauna daram a nan. Ga abin da ta ce: in ƙwayoyin sun cika kashi 1 cikin 100 na gaurayen (a awon mudu nake nufi, ba na sikeli ba, ga alumina wannan kimanin giram 40 ne a lita), ƙarfin miƙo zai ƙaru da kashi 3 cikin 100, ba zai wuce ba. Ina so ku lura da wani abu a nan. In alumina aka zuba, ƙarin kusan kashi 2.9 ne, in jan ƙarfe ne, wanda ya ninka ta sau goma, ƙarin kashi 3 ne. Bambancin bai taka kara ya karya ba. Dalili kuwa shi ne, kome saurin zafi a cikin ƙwaya, sai ya sake fitowa ya ratsa ruwan da ke tsakaninta da ta gaba. Mai tafiya da ya sami kwalta ta taku uku cikin kowane taku ɗari na yashi, kyan kwaltar ba zai rage masa hanya sosai ba.

Na biyu Albert Einstein. A 1906 ya lissafa yadda ƙwayoyi suke ƙara wa ruwa kauri, ya sami cewa kashi 1 na ƙwayoyi yana kawo kashi 1 na kauri. Da Jacques Bancelin ya auna abin a birnin Faris sai ya ga ya fi haka nesa. Einstein ya sa aka sake bin lissafin, aka gano kuskure, a 1911 ya buga gyara: kashi 2.5 ne. Na kawo wannan labari ne domin wanda ya ga awo ya ƙaryata lissafinsa ya san ba a kansa farau ba.

Shekarun mamaki

A 2001 Eastman da abokan aikinsa suka ba da rahoton sun zuba ƙwayoyin jan ƙarfe da ba su kai nanomita 10 ba a cikin gilaikol, kashi 0.3 cikin 100 kacal, ƙarfin miƙo ya ƙaru da kashi 40. Lissafin Maxwell bai ba da ko kashi 1 ba. A cikin wannan shekara kuma Choi da jama'arsa suka ce siraran bututan kabon, kashi 1 cikin mai, sun ninka ƙarfin miƙonsa kusan sau biyu da rabi. Sai duniyar masana ta ɗauka. In har abin ya tabbata, to za a iya rage girman lagireto da famfo, a rage man da ake ƙonawa, kuma an sami wata sabuwar ƙa'idar halitta da magabata ba su gani ba.

Aka shiga neman dalili. Wanda ya fi karɓuwa shi ne rawar Brown. A 1827 Robert Brown, masanin tsirrai, ya hangi ƙananan ɓarɓashi cikin ruwa ta madubin ƙara girma suna ta karkarwa ba tsayawa, kuma Einstein ya nuna a 1905 cewa ƙwayoyin ruwan ne suke tunkuɗar su ta kowane gefe. Aka ce ashe ƙwayoyin nano su ma 'yan dako ne, suna yawo da zafi. Magana ce mai daɗin ji, sai dai alƙalami bai goyi bayanta ba. Idan aka gwada saurin bazuwar ƙwaya mai nanomita 10 a ruwa da saurin bazuwar zafi shi kansa, zafin ya fi ta kimanin sau 3,000. Ɗan aiken da saƙo ya riga shi isa ba shi ne ya kai saƙon ba. Ku riƙe wannan adadi, za mu komo kansa.

A 2006 Jacopo Buongiorno na jami'ar MIT ya ɗauki ƙa'ida ta huɗu da muhimmanci. Ya jera hanyoyi bakwai da ƙwaya za ta iya zamewa ta bar ruwan da ke ɗauke da ita, ya auna ƙarfin kowace, ya zubar da biyar, ciki har da nutsewa. Biyu suka rage: rawar Brown, da abin da zan kira gudun zafi, watau halin ƙananan ƙwayoyi na barin wuri mai zafi zuwa mai sanyi. Wanda ya yi karatu da fitilar ƙwai ya san shi, domin shi yake kai baƙin hayaƙi daga harshen wuta ya manna a jikin ƙwan. A ganin Buongiorno, gudun zafi yakan kore ƙwayoyi daga jikin bututu mai zafi, kaurin shimfiɗar nan ta Prandtl ya ragu, zafi ya sami hanya. A nawa ra'ayin wannan aiki shi ne mafi kyan misalin yadda ake zana taswira, domin bai bar kome ba sai da ya faɗi dalili da alƙaluma.

Shi ne kuma ya jagoranci abin da ya raba gardama. Aka haɗa ruwan nano iri-iri, aka rarraba samfuri ɗaya ga cibiyoyi 34 a ƙasashe daban-daban, kowa ya auna da nasa kayan aiki. Sakamakon ya fito a 2009. Yawancin awon bai kauce wa matsakaici da fiye da kashi 10 cikin 100 ba, kuma babu wani ƙari na ban mamaki. Lissafin Maxwell, da 'yan gyare-gyaren da aka yi masa don ƙwayoyin da ba dunƙulallu ba, ya wadatar. Wannan bai nuna cewa duk wanda ya ga ƙari mai yawa ya yi kuskure ba. Ƙwayoyi sukan manne wa juna su yi sarƙa, zafi ya bi sarƙar, kuma tsohon lissafi ya san da haka. Sai dai ƙwayoyin da suka dunƙule sun kama hanyar kwanciya, kuma suna ƙara kauri. An gudu ba a tsira ba ke nan.

Kuɗin famfo

Kaurin nan shi ne bashin da ba a cika faɗa ba. Kunu ya fi ruwa wuyar bi ta mazurari, kuma famfon da ke tura shi wuta yake ci. Ravi Prasher da abokan aikinsa sun nuna a 2006 cewa, a gudu mai natsuwa, ruwan nano yana da riba ne muddin ƙarin kaurinsa bai ninka ƙarin miƙonsa sau huɗu ba. In muka bi Maxwell da Einstein, 3 ne a gefe guda, 2.5 a ɗaya gefen, riba a fili. Amma awo yakan nuna kauri ya zarce ƙiyasin Einstein ninki uku ko huɗu, wani lokaci fiye, sai ribar ta zama ta bakin gaɓa. Tun a 1998 Pak da Cho sun gwada alumina kashi 3 cikin ruwa a bututu. Da suka kwatanta shi da tsurar ruwa a bisa saurin gudu ɗaya, sai suka tarar ya gaza ruwan da kashi 12 wajen jan zafi. Da yawa daga rahotannin da ke nuna nasara sun yi kwatancen ne a bisa wani adadi da ake kira lambar Reynolds, wadda kauri yake cikin lissafinta. Daidaita wannan lamba yana nufin an tura ruwan nano da sauri fiye da abokin gwajinsa. An ba doki ɗaya rata, sa'an nan an ce ya ci sukuwa.

Yanzu bari in taɓo abin da ya shafe mu kai tsaye, domin ɗalibai masu yawa a sassan lissafi, har da na jami'o'inmu, a nan suke neman digirinsu. Akwai wata dabara da Blasius, almajirin Prandtl, ya yi amfani da ita a 1908, wadda take mayar da waɗancan ƙa'idoji masu wuya su zama masu sauƙin warwarewa, in dai siffar wurin mai sauƙi ce, kamar shimfiɗaɗɗen faranti ko fallen roba da ake ja. Daga 2010, da aka haɗa wannan dabara da kwatancen Buongiorno, takardu suka yi ta fitowa dubbai. Wannan ya ƙara maganaɗisu, wancan ya karkata farantin, wani ya zuba ƙwayoyi iri biyu. Horo ne mai kyau ga ɗalibi, ban musa ba. Amma ku tuna da adadin nan na 3,000. A takardu da dama za ka tarar an sa 10 a gurbinsa, ko abin da bai kai ba, domin da shi kwamfuta ta fi saurin ba da amsa, zanen kuma ya fi kyan gani. Lissafin daidai ne, sai dai ruwan da ake magana a kansa babu shi a kowace kwalba.

Akwai kuma masu gyara kansu. Kuznetsov da Nield, waɗanda takardarsu ta 2010 tana cikin waɗanda aka fi bi, sun ɗauka cewa ana iya ƙayyade yawan ƙwayoyin da ke jikin bango. Daga baya suka ga babu mai wannan iko. Abin da aka sani kawai shi ne ƙwaya ba ta ratsa ƙarfe. A 2014 suka sake lissafin a kan haka, sai tasirin rawar Brown a kan zafin da ke barin bangon ya kusan ɓacewa. Ɗalibin da zai shiga wannan fage, ina ba shi shawara ya fara da takarda ta biyu.

Tafasa

Inda ruwan nano ya ba da mamaki na gaskiya wani wuri ne daban. Ku tuna da ɗigon ruwa a kan kasko mai tsananin zafi, yadda yake rawa ba ya ƙonewa nan da nan, domin tururi ya shiga tsakaninsa da kaskon. Shiro Nukiyama na Japan ya nuna a 1934 cewa haka yake faruwa a tukunyar tururi. Akwai iyakar zafin da in an wuce ta, tururi yakan lulluɓe ƙarfen, ruwa ya daina taɓa shi, ƙarfen ya yi ja har ya narke. Masu kula da tashoshin nukiliya ba su da fargabar da ta fi wannan.

A 2003 You da abokan aikinsa a jihar Tekzas suka zuba alumina da ba ta kai giram ɗaya cikin lita goma ba, sai wannan iyaka ta kusan ninkawa sau uku. Ɗan wannan gari bai isa ya sake miƙo ko kauri ba, saboda haka Maxwell da Einstein ba su da ta cewa. A 2006 wasu masana a Pohang ta Koriya ta Kudu suka ɗauki wayar da aka riga aka tafasa ruwan nano da ita, suka tsoma ta a tsurar ruwa, suka sake gwajin. Ƙarin bai tafi ba. Ashe yayin tafasa ƙwayoyin sukan kwanta a jikin ƙarfen su yi masa wani ɓawo mai shan ruwa, kamar jikin sabon tulu, wanda yake janyo ruwa zuwa duk inda ya fara bushewa. Kwanciyar nan da aka ƙanƙanta ƙwayoyi domin a guje mata, ita ce ta yi aikin. Ƙa'idojin nan huɗu kuwa, yadda aka saba rubuta su, sun ɗauka cewa bango yana nan yadda yake daga farkon gwaji har ƙarshensa.